Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai gudu: ta dace da darasin Pavlov ko ba ta dace ba?

Mushen Filo:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu karin magana a baki. Ina koyar da filozofi a ajin tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, nan Zinder, sati mai zuwa zan shiga darasin yadda mutum da dabba ke koyon abu har ya zame musu jiki, wato aikin masana irin su Pavlov da Watson da Skinner. Kullum in na fara da karen Pavlov yara rubutawa kawai suke cikin kaye su haddace saboda jarrabawar bak, amma ka tambayi yaro ina ka taɓa ganin wannan abu a gidanku sai ya yi tsit. Bana ina so in buɗe darasin da maganar nan, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A ganina komi na ciki. Tsumma ba ya sara, da can mutumin ya sha tsallake tsumma ko kallo bai ishe shi ba, amma tunda maciji ya taɓa shi sai jikinsa ya ɗaura tsoron ga duk wani baƙin abu da ke kwance a ƙasa. To wani abokin aikina ya ce na karkatar da maganar, wai ba abin da Bahaushe ke nufi ba kenan. Me kuka gani?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam Mushe. Mu dai yadda muka tashi muka ji ta, uzuri ake yi wa mutum da ita. Ɗan kasuwa a Kasuwar Dole da aka taɓa cinye ma kuɗi, ka zo neman bashi ya hana ka ko da kai mutumin kirki ne, sai a ce kar ka ga laifinsa, maciji ya taɓa saransa. Haka macen da ta sha wuya a auren fari in tana jan ƙafa a na biyu. Wasu na cewa igiya maimakon tsumma, duk ɗaya ne. Ban ga inda ka karkatar ba ɗana, sai dai ka gaya ma yaran cewa da tausayi ake faɗinta.

Ɗan Birni:
Baba a gafarce ni amma ni sau da yawa da zolaya nake jin ta, kamar a ce ma mutum kai tsoronka ya yi yawa tsumma ne fa. Ai shi ya sa aka sa tsumma a ciki, abin da ba shi da wata daraja, don a nuna gudun na banza ne

Baba Mai Ritaya:
Gudun na banza ne ga mai kallo. Ga wanda ya kwana da kumburarriyar ƙafa ba na banza ba ne. Wanda ke zolaya da ita bai taɓa ganin saran kububuwa ba.

Malama SVT:
Mushe ni matsalata ba ta ma'ana ba ce, ta kimiyya ce, tunda mu ma masu koyar da SVT, wato kimiyyar halittu da ta ƙasa, muna taɓa wannan darasi a tarminal D in mun zo kan jijiyoyi. Pavlov masanin aikin jiki ne a Rasha, kyautar Nobel da ya samu a 1904 ma kan narkewar abinci ce, yana auna miyan karnuka ne ya lura miyan na zuba tun kafin abinci ya shiga baki, da sun ji takun mai kawo musu abinci. Daga nan ya riƙa sa wani sauti kamar na metronom, wata na'ura mai ƙas-ƙas kamar agogo, sannan ya ba da abinci, a maimaita a maimaita, har sautin kaɗai ya riƙa tsinka ma kare miyau. To ka ga nan akwai maimaici, shi kuwa maciji sau ɗaya ya yi sara. In ka haɗa su yaro zai rubuta maka a dabuwar cewa sau ɗaya Pavlov ya buga abu kare ya koya. Ni da zan zaɓa ma Pavlov karin magana da sabo turken wawa zan ɗauka. Kuma misali na nan a bakin ƙofar aji, jantin motar da ake bugawa in lokacin fita shan iska ya yi, ka dubi yara da an buga shi wasu har haɗiyar miyau suke don awara da fanke na jiransu a bakin gate, alhali ƙarfe ne kawai aka doka.

Baba Mai Ritaya:
A'a ƴata, sabo turken wawa wani waje ta nufa. Ana faɗinta ga wanda ya kasa rabuwa da wuri ko mutum ko hali don kawai ya saba, ko da abin na cutarsa. Akwai zargi a ciki. Miyan da ya zubo kuwa ba wauta ba ce, mai hankali da wawa duk miyansu na tsinkewa in sun ji ƙamshin tafarnuwa a mai ana dab da shan ruwa cikin azumi. Kada ki sa yara su ɗauka wawa kaɗai abin ke kamawa.

Malama SVT:
Na karɓa Baba, wannan gaskiya ne. Amma maganar sau ɗaya da sau da yawa tana nan.

Ɗalibi Daga Mirriya:
Malama ina ganin a nan ne ma karin maganar ta fi ƙarfi. Ba kowane koyo ke bukatar maimaici ba, abin da ya shafi rai da mutuwa jiki ba ya jiran a maimaita masa. Wani masani a Amurka John Garcia a shekarun 1950 da 1960 ya nuna ɓera in ya sha ruwa mai wani ɗanɗano daga baya cikinsa ya ɓaci, ko da bayan awoyi ne, sau ɗaya ya isa ya ƙaurace ma wannan ɗanɗano. Kowa a nan ya san wani da ya taɓa yin amai bayan ya ci wani abinci har yau ko warinsa ba ya so, alhali wataƙila zazzaɓin cizon sauro ne ya sa shi aman ba abincin ba.
Sannan akwai wanda ya shafi maciji kai tsaye, Susan Mineka da abokan aikinta a shekarun 1980. Biran da aka haifa a ɗakin bincike ba su tsoron maciji, amma da suka ga wani biri na firgita da maciji nan da nan suka ɗauka. Da aka gyara bidiyon ya zama kamar furen kallo birin ke tsoro, ba su ɗauki tsoron fure ba. Kenan akwai abubuwan da jiki ya riga ya shirya ma tsoronsu, maciji na ciki. Kuma ba sai an sare ka ba, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mushen Filo:
Madalla ƙanena, wannan na birai zan sa shi. Malama kuma na ji gyaranki, zan raba su a tabulo. Dama wanda ya fi kama da tsumman shi ne gwajin John Watson da Rosalie Rayner na 1920 a jami'ar Johns Hopkins. Jariri ne da suka kira Albert bai cika shekara ba, yana wasa da farin ɓera ba tsoro, sai suka riƙa doka guduma a kan ƙarfe a bayan kansa duk lokacin da ya kai hannu ga ɓeran. Bayan ƴan lokuta da ya ga ɓeran sai kuka, kuma tsoron ya bazu zuwa zomo da rigar gashi. Zomon nan shi ne baƙin tsumma. Abin da ke ci mini rai duk sadda na karanta shi, an tafi da yaron ba tare da sun cire masa tsoron ba, yau ba wata jami'ar kirki da za ta yarda a yi ma ɗan mutum haka, kuma wannan ma tambaya ce ta filozofi da nake so yara su yi gardama a kanta.

Hajiya Ta Zengu:
Ni ban yi dogon karatu ba amma maganar nan a ɗakina take. Ɗana na uku tun yana firamare wani mushe ke fiddo shi gaban tabulo ya ba shi lissafi, in ya kuskure ya zabga masa bulalar roba a tafin hannu gaban ƴan uwansa. An daɗe da rabuwa da mushen nan, yanzu yaron na koleji, malamin lissafinsa na yanzu mutum ne mai sanyin hali ko tsawa ba ya yi. Amma ranar da suke da lissafi tun da asuba zai ce cikinsa na ciwo, kunun ma ba ya iya sha, na taɓa riƙe hannunsa na ji tafin ya jiƙe sharkaf da zufa don kawai yayansa ya buɗe littafin lissafi ya ce zo mu gwada. A gida kuwa in na aike shi cefane canjin dala ɗaya ba ya ɓace masa, da ka yake lissafawa kafin mai kanti ya gama danna mashin. Mushe don Allah in za ka koya ma yaran darasin nan ka koya ma malamai ƴan uwanka su ma. Su ne macijin wani lokaci, littafin kuma ya zama tsumma.

Malam Na Garin Malam:
Hajiya Allah ya shirya mana zuri'a, amma kar mu mai da bulala abin ƙyama gaba ɗaya. Bahaushe ya ce jiki magayi, kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da bulala muka yi karatu ga mu nan ba mu lalace ba. Yaran yanzu an sake su shi ya sa ba su jin magana

Baba Mai Ritaya:
Malam, jiki magayi ba ta ce hannun malami ba. Ana faɗinta ga wanda aka yi ma nasiha ya ƙi, sai a ƙyale shi abin da ya shuka ya same shi, sakamakon aikinsa ne ke gaya masa. Yaron da bai gane rabawa ba kuwa bai ƙi jin magana ba, bai gane ba ne. Kuma mu da muka tsira muna iya cewa ba mu lalace ba, amma ina waɗanda muka shiga aji ɗaya da su suka gudu daga lakwal ba su sake dawowa ba? Ba su nan balle su ba da shaida. Icen ma tanƙwarawa aka ce, a hankali ake yi.

Ɗalibi Daga Mirriya:
A kan wannan masanan ma sun yi magana Malam. Edward Thorndike da ya yi gwaji da kyanwoyi cikin akwati a 1898 da farko ya ɗauka lada da horo ƙarfinsu ɗaya, daga baya a shekarun 1930 ya sake ra'ayi ya ce lada ta fi kafa hali fiye da yadda horo ke tumɓuke shi. Skinner shi ma ya ce horo danne hali yake na ɗan lokaci, ba ya nuna ma yaro abin da ya kamata ya yi, sai ya koya masa gudun mai horon. Shi ya sa aji ke tsit in sirbeyan mai kula da ɗa'a na tsaye da ya juya baya a koma gidan jiya.
Hajiya kuma kar ki yanke ƙauna, tsoron da aka koya ana iya warware shi. A 1924 Mary Cover Jones ta yi aiki da wani yaro Peter ɗan kusan shekara uku mai tsoron zomo, sai a ba shi abincin da yake so a aje zomo cikin keji can nesa, kullum a ɗan matso da shi, yana kuma ganin wasu yara na wasa da zomon lafiya lau, har ya kai yana taɓa shi da hannunsa. Ku fara da lissafin cefanen da ya iya, a rubuta shi a takarda yana shan shayi ba mai tsaye a kansa, ya ci a yaba masa, sannan a ɗan ƙara wuya. In ciwon cikin ya ci gaba kuma a kai shi likita a duba.

Malam Na Garin Malam:
To na ji, dukan yaro kan abin da bai gane ba ni ma ban goyi baya ba. Amma rashin kunya da gangan ina nan kan bakana.

Ɗalibar Tarminal A:
Mushe mu ne za a yi ma darasin to bari in sa baki. In kun ce tsoro kaɗai za mu ɗauka abin na masu matsala ne. Ni abin da ya fi damuna waya, da na ji ƙarar saƙon WhatsApp ko ba tawa ba ce hannuna ya tafi jaka, kuma ina buɗewa sau da yawa ba komi amma ban fasa ba. Wannan maciji ne ko kare?

Malama SVT:
Ƴata kin haɗa biyu. Faɗuwar gaban da kike ji in ta yi ƙara na Pavlov ne, jiki ne ke amsawa ba da izininki ba. Kai hannun kuwa na Skinner ne, aiki ne da kike yi don wani lokaci yana biya. Ya gwada da tattabaru masu saran wani maɓalli don hatsi ya fito, ya ga in hatsi na zuwa jefi-jefi ba a san yaushe ba, tattabarar ta fi nacewa da saran maɓallin fiye da in kullum ana ba ta, kuma ta fi daɗewa ba ta daina ba ko an yanke hatsin. Samarin da ke zuba kuɗi a cacar ƙwallo ta waya irin wannan igiyar ce ta ɗaure su. Baba a nan kam ina jin za ka bar mini sabo turken wawa.

Baba Mai Ritaya:
A kan caca na bar miki.

Mushen Filo:
Na gode ƙwarai jama'a. Ga yadda zan yi, in rubuta maganar macijin a tabulo in bar su su yi gardamar da Baba da Ɗan Birni suka yi, uzuri ce ko zolaya, sannan in kawo Albert da Peter. Pavlov kuma sai rana ta biyu. Malama in kina da sarari ranar Laraba ki shigo ajin mu yi gwajin tare, kowane yaro da ɗan ƙullin garin tsamiya, duk sadda na buga tebur ya lasa, bayan an jima in buga ba lasa su faɗa mana ko miyau ya zo. Hajiya in kin yarda zan ba da labarin ɗanki a taron malamai ba tare da suna ko unguwa ba.

Hajiya Ta Zengu:
Na yarda Mushe, ka faɗa musu har zufar hannun.

Malama SVT:
Laraba ina da aji har ƙarfe 10, bayan nan zan zo. Tsamiyar ni zan kawo, kai dai ka tanadi ruwan sha don za su nema.