Yaushe aka fara koyar da kiɗa da waƙa a kwalejojin 'yan mata na Legas, kuma me ya rage darasin?

Malamar Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Kwamitin wata makarantar 'yan mata a nan Agege na son dawo da darasin waƙa, an kuma ce a fara da rubuta taƙaitaccen tarihin yadda tsofaffin kwalejojin mata na Legas suka koyar da shi. Yawancin ɗaliban 'ya'yan Hausawa ne. Tambayata uku: yaushe abin ya faro, da wace hanya ake koyarwa, kuma me ya sa ya ja baya? Akwai kuma tsohon fiyano da wani ya ba makarantar kyauta, wasu maɓallansa sun maƙale. A gyara ko a haƙura?

Baban Obalende:
Wa alaikumus salam Malama. Abin ya faro ne daga makarantun 'yan mishan. Makarantar 'yan mata ta CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, tana ƙirga kafuwarta daga 1869, ita ce aka haɗe da ta Kudeti a 1950 ta zama St Anne's a Ibadan. Methodist Girls' High School ta biyo baya a 1879. Ta gwamnati, wato Queen's College, sai a 1927, daga baya ta koma Yaba inda take yanzu. Holy Child ta Katolika a 1945.

A waɗancan na farko darasin kashi biyu ne, kuma ya kamata tarihinku ya raba su. Akwai waƙar baki ta kowa da kowa, wadda ake buƙata don taron safe da ibadar coci. Akwai kuma fiyano da harmoniya, na 'yan ƙalilan waɗanda iyayensu ke da hali. A Legas ta ƙarshen ƙarni na 19, yarinya ta iya fiyano alama ce ta gidan wayewa, kamar iya ɗinki da Turanci. Robert Coker, makaɗin ogan (babban abin kiɗan coci mai maɓallai) na farko a cocin Christ Church, wanda ya yi karatun kiɗa a Turai, ya koyar a makarantar matan CMS wajen shekarun 1880, kuma jaridun lokacin suna ba da labarin bukukuwan waƙa da ake shiryawa a gari. Bayansa T.K.E. Phillips ya riƙe ogan ɗin cocin daga 1914 zuwa 1962, ya horar da mutane irin su Fela Sowande, fitaccen makaɗin ogan kuma mai tsara kiɗa.

Kada kuma a rubuta tarihin kamar maza ne kaɗai suka ɗauke shi. Mahaifiyar Ayo Bankole, mai tsara kiɗa wanda aka haifa a Jos a 1935, malamar kiɗa ce a Queen's School ta Ede. Irin waɗannan malaman ne suka riƙe aji shekara da shekaru, sunayensu kuwa ba kasafai suke shiga littafi ba.

Inda za ki samo hujja: kundin da shugabar makaranta ke rubuta abubuwan yau da kullum, mujallar makaranta, da takardun shirin ranar ba da kyaututtuka, domin a nan ake jera waƙoƙin da aka rera da wadda ta buga fiyano. Sai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Ibadan, da tsofaffin jaridu kamar Lagos Observer da Lagos Weekly Record. Takardun CMS na asali suna Jami'ar Birmingham a Ingila.

Uwar Mawaƙa:
Baba ya kawo shekarun, bari in yi maganar hanyar koyarwar, don ita ce za ta amfane ki a aji. Sunanta solfa. Wata malama Baturiya, Sarah Glover, ta fara ta a Norwich don koyar da yara, John Curwen ya gyara ya yaɗa ta a shekarun 1840. Sauti bakwai ne: do, re, mi, fa, so, la, ti, ana rubuta su da harafin farko kawai, d r m f s l t. Ana rataye allo dogo a bango da haruffan a jere daga ƙasa zuwa sama, malama na nunawa da sanda, aji na rerawa. Akwai alamun hannu: dunƙulallen hannu shi ne do, hannu a shimfiɗe tafin yana kallon ƙasa shi ne mi. A rubuce, ɗigo biyu ke raba bugu da bugu, ɗigo ɗaya ya raba bugu gida biyu, ɗan layi a kwance yana nufin a ja sautin, tsayayyen layi ya rufe gaɓa.

Dalilin da ya sa ta karɓu a makarantun mata a fili yake. Ba ta buƙatar kayan kiɗa, alli da allo sun isa, kuma kowace maɗaba'a mai haruffan boko za ta iya buga ta. Da ita ake raba 'yan mata murya uku, siririya ta farko, siririya ta biyu, da mai kauri, tun da babu maza da za su riƙe ƙasa.

Rauninta shi ne ba ta kai yarinya ga fiyano ko jarrabawa. Do ɗinta yana tafiya, yau yana kan maɓallin F gobe yana kan G, alhali rubutun kiɗa na Turawa mai layi biyar yana nuna ainihin maɓallin da za a taɓa. Jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, mataki takwas ce, kuma ba a shiga mataki na 6 na bugawa sai an ci mataki na 5 na ilimin rubutun ko makamancinsa. Shi ya sa makarantu suka yaye ɗaruruwan masu rera solfa da kyau, masu takardar shaida kuwa 'yan kaɗan.

Kuskuren da ake yawan yi har gobe: malami namiji ya ɗauki waƙa daidai da muryarsa. 'Yan mata sai su koma rerawa da ƙirji suna ihu, kafin minti goma murya ta dishe, waƙar kuma tana zamewa ƙasa baiti bayan baiti. A ɗauki sautin farko daga abin kiɗa, a fara da ɗumama murya na minti biyar, a hankali ba da ƙarfi ba.

Injiniyan Ebute Meta:
Kan fiyano, Malama, kada a kashe ko kwabo sai mai gyara ya buɗe shi. Yana da maɓalli 88 da tsirkiya wajen 230, jan da suke yi wa ƙarfen ciki ya kai tan 18 ko fiye. Danshin Legas yakan haura kashi 80 cikin ɗari, shi kuwa ya fi son 40 zuwa 50. Maƙalewar maɓalli yawanci kumburin katako ne da ulun da ke cikin ramukansa, wannan gyara ne mai sauƙi. Abin tsoro uku ne: fegin da ke riƙe tsirkiya ya saki har saiti ba ya zama, allon sauti na baya ya tsage, ko gara ta shiga. A duba ƙasansa, in an ga garin katako ya zuba, magana ta ƙare. In ya tsira, a janye shi daga bangon waje da taga, a saita shi sau biyu a shekara. Wanda ya daɗe ba a taɓa ba, ba a ja shi zuwa daidai a zama ɗaya, tsirkiya mai tsatsa tsinkewa take yi. In kuɗin gyaran ya kusa na sabon fiyanon lantarki mai maɓalli 88 masu nauyi, a sayi na lantarkin.

Hajiyar Idi-Araba:
Saura tambaya ta uku. Ba rashin masana ne ya rage darasin ba, don tun 1961 Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa, MUSON kuma, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya, ta kafu a 1983, tana nan Onikan tana koyarwa tana shirya jarrabawa. Jadawali ne ya matse shi. A babbar sakandare kiɗa darasin zaɓi ne, iyaye kuwa kimiyya suke so. A ƙaramar sakandare manhajar shekara tara ta haɗe shi da zane da wasan kwaikwayo a darasi guda. Sau da yawa malamin zane ake ba ajin, sai ya rubuta ma'anar kiɗa a allo yara su kwafa, zango ya ƙare ba a rera komai ba.

Amma ina da ja da Baba a wuri ɗaya. In ɗaliban 'ya'yan Hausawa ne, tarihin da ya fara daga 1869 ya bar rabi a waje. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta koyar da mata ta hannun jajis, wato malamai mata na 'Yan Taru, kuma har yau a Islamiyya da rerawa ake haddace darussa da dama. Ga waƙoƙin gaɗa na dandali, ga shantu, ga kiɗan ƙwarya na amada. Duk koyarwa ce mai tsari, mai bayarwa da 'yan amshi, tafi yana riƙe lokaci. Manhajar 'yan mishan ba ta ɗauke su darasi ba, wannan ma yana cikin tarihin da ya kamata a rubuta.

A aikace, a fara da su. A naɗi waƙar gaɗa daga bakin tsohuwa da waya, a rubuta kalmomin, a sa alama kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi, sannan a nemo solfarta. Da yawansu sauti biyar suke hawa, d r m s l, wanda ya fi sauƙi ga mai farawa. Kada a ɗora kalmomin Hausa kan karin waƙar Turawa ba tare da auna gaɓoɓin ba, domin dogon wasali yakan faɗa kan gajeren sauti, kalmar ta karye a kunne. Matsalar da Yarabawa suka gamu da ita ke nan da waƙoƙin cocin da aka fassara, inda karin ya juya musu ma'ana. Kuma a zauna da iyaye tun kafin a fara, a nuna musu kalmomin kowace waƙa a rubuce. Wasu za su yarda da murya da tafi da mandiri amma ba fiyano ba, sai a tsara ajin yadda yarinyar ba za ta rasa maki ba.

Malamar Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, darasi nawa a mako kike ganin zai isa ga 'yan aji ɗaya?

Hajiyar Idi-Araba:
Biyu, na minti 40 kowanne, a ranaku daban. Ɗaya na rerawa da tafi, ɗaya na solfa a allo. Rubutun layi biyar ya jira zango na uku, lokacin da suka iya rera d r m s l daga allo ba tare da malama ta fara musu ba.