Malaman Turanci, wace kalma zan sa?

Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar unguwarmu a Tudun Wada, Kaduna, an ɗora mini rubuta takardar koke da Turanci kan rijiyar burtsatse. Wurin da aka zaɓa yana dab da kwata, nan na sa "unsuitable", hankalina ya kwanta.

Inda ta cije shi ne batun haƙa a watan Agusta, ruwa na tsuga. "Foolish" ai zagi ne, kuma dattawa ne suka yanke shawarar. Tsakanin "unwise" da "ill-advised", wanne ya fi ladabi? Sai tsohon famfon da ya zama hoto: "useless" bai yi tsauri ba a takardar hukuma? Don Allah a taimaka kafin Juma'a.