Kayan ɗakin amarya: resho na gaz ko na kuran (lantarki)?

Maman 'yan biyu, unguwar Zariya, Maraɗi: Salamu alaikum 'yan zaure. Bikin ƙanwata bayan salla ne, muna haɗa kayan ɗaki. Ita resho na kuran take so don tsoron gaz take yi. Inna kuma ta ce murhu da icce sun ishe ta. Mi kuka gani?

Hajiya, Ali Ɗan Sofo: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, ku saya mata na gaz, ƙaramar tukunya mai kilo 6 wadda ake ɗaura kan reshon bisanta. Da bazara kuran sai ya tafi ana tsakar talge, amarya ta ce wa ango mi?

Mai gyaran wuta, Sabon Gari: Gaskiyar Hajiya. Resho na kuran yana jan wat 1000 zuwa 1500, fanka kuwa da wuya ta wuce 75. Gidan haya mai ƙaramin kwantar (mita), da an kunna shi tare da firigo sai wutar gidan ta ɗauke. In wayar siririya ce har zafi take yi cikin bango. Ku tuna kuma wutarmu ta layin Katsina take zuwa. Kowa ya ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke ta.

Mushe (malamin makaranta) mai ritaya, Bagalam: Gardamar nan ta girmi kakanninmu, turawa sun yi ta tun kafin mu. Can gaz ne ya riga. A 1807 aka haska wani titi na Landan da fitilar gaz, a 1812 aka kafa kamfaninsa. Ba irin namu na tukunya ba ne, daga kwal ake fidda shi a tura ta bututu har cikin gidaje, kuma don haske kawai. Sai Edison ya buɗe tashar lantarki a New York a 1882. Masu gaz ba su miƙa wuya nan take ba: a 1885 wani ɗan Ostiriya, Auer von Welsbach, ya fito da 'yar ragar da ake sa wa fitila ta yi haske fari ƙal, irin ta fitilar aci-bal-bal mai famfo da dattawa suka sani. Ta ja musu shekaru, amma ƙarshe ƙwan lantarki ya ci.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da suka yi bayan nan. Da suka ga haske zai kuɓuce musu sai suka nufi madafa. A Ingila suka riƙa ba talakawa hayar murhun gaz, suka sa musu kwantar da ake jefa wa kwabo. Sun gane cewa kuɗin sayen kayan tashin farko ke hana mutum, ba kuɗin gaz ɗin ba. Mu ma nan wahalar ke nan. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 gaz ɗinmu na gida ne, amma tukunyar farko ke kayar da mai ƙaramin ƙarfi. Don haka in ku dangi kuka saya mata ita cikin kayan ɗaki, kun ɗauke mata mai wuyar.

Ɗan makaranta: Mushe, ai yanzu akwai sola.

Mai gyaran wuta, Sabon Gari: Ƙanena, solar da za ta dafa wake, kuɗin batiranta kaɗai sun fi na gadon amarya. A bar ta ga fitila da fanka da cajin waya.

Maman 'yan biyu, Zariya: To tsoron fa? Ta ji labarin gobara ne.

Hajiya, Ali Ɗan Sofo: A koya mata, kwana biyu ta saba. In tana shakkar yoyo ta shafa kumfar sabulu a bakin tukunyar, in yana kumbura da yoyo. Kada ta gwada da ashana. Ta ji wari, ta rufe, ta buɗe ƙofa da taga, kada ta taɓa makunnin fitila. Gaz ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa ba a ajiye tukunya ƙuryar ɗaki. In hali ya yi ku saya biyu, saboda wani lokacin yakan yi wuya a gari. Murhun innarku kuma kada ku raina shi, ranar suna babu reshon da zai ɗauki babbar tukunya.

Maman 'yan biyu, Zariya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, ranar da za mu shiga kasuwa zan biyo in ɗauke ki, ki zaɓa mana kai mai kyau.