Tallan atamfa a soshiyal midiya kafin azumi, ta ina zan fara?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina saro atamfa da leshi da shadda a Kantin Kwari ina saidawa a gida nan Kano, shekara biyu kenan, amma duk cinikin a sitatus ɗin WhatsApp yake kuma masu kallon dai dangi ne da ƙawayen makaranta, su ma rabi bashi suke ɗauka. Na buɗe Instagram na zuba hotuna sun fi ɗari, ba mai tambayar kuɗi. Kwanaki na biya wata mai mabiya a TikTok ta min talla, mabiya suka ƙaru amma wlh ko turmi ɗaya ban saida ba. Ga azumi na matsowa, bana so kasuwar sallah ta wuce ni.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a shago nake, abin da zan ce miki ki bi kalandar tela. Yawancin teloli azumi na kai tsakiya sun rufe karɓar ɗinki, to wa zai sai atamfa a goman ƙarshe ya kai wa wa? Tun Sha'aban za ki fara ruwan talla, goman farko ki ƙara wuta, in an shiga goman ƙarshe ki koma mayafi da abaya da jaka, abin da ba sai an ɗinka ba. Bayan sallah kuma sai ki juya kan masu haɗa lefe.

Mai Turaren Wuta:
'Yar uwa kina sa farashi kuwa a ƙarƙashin hoton? Don ni in na ga "shigo inbos" wucewa nake, sai in ɗauka tsada ce ake ɓoyewa. Sannan ki daina ɗauko hoton da dila ya turo, kowa shi yake sawa. Ki fito tsakar gida da hantsi ki warware turmin ki yi bidiyo a hasken rana, kalar ta fito yadda take, shadda kuma ki murza ta a ji ƙararta, mata na son wannan sosai. Ki koma WhatsApp Business kyauta ne, akwai katalog da za ki jera kaya da kuɗinsu. Burodkas, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa lokaci guda, yana ɗaukar mutum 256 amma wanda ya yi sebin ɗin lambarki kaɗai saƙon ke isa, shi yasa ni duk wadda ta saya sai na ce ta ajiye lambata. Mai TikTok ɗin nan kuwa ina ga mabiyanta samari ne masu kallon rawa, me za su yi da leshi.

Abban Kwamfuta:
Kuɗin da kika ba ta da talla kika biya a Facebook ko Instagram da ya fi. Ki zaɓi mata, ki zaɓi Kano da Kaduna da Abuja misali, ki sa maɓallin da ake dannawa a jikin tallan ya kai mutum WhatsApp ɗinki kai tsaye. Ki fara da kaɗan na kwana biyar, bidiyo biyu daban, wanda ya fi kawo masu tambaya shi za ki ƙara wa kuɗi. Ki sa harajin VAT 7.5% a lissafi don ana ɗorawa. Kuma Hajiya baƙi za su fara zuwa, kar ki kai kaya tasha sai kin buɗe asusunki kin ga kuɗi da idonki, hoton alat ba kuɗi bane.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri. Gaskiya farashin ne bana sawa, tsoro nake masu irin sana'ata su gani su karya. Gobe in sha Allah zan yi bidiyon shaddar. Abban Kwamfuta, tallan nan dole sai da shafin kasuwanci ko da nawa na yanzu ma zai yi?