Hular sandar golf da fatar Kano: akwai kasuwa, ko ɓarnar fata zan yi?

Baduku_Wambai

Assalamu alaikum jama'a. Ni baduku ne, sana'ar gado ce, ina da ɗan shago wajen Ƙofar Wambai. Takalma, alabe, gafaka, jakar mata, tumtum, duk ina taɓawa.

Wata biyu ke nan wani Alhaji da nake yi wa takalmin Sallah ya shigo da wani abu a hannu kamar safar 'yan damben Turawa. Ya ce hula ce da ake kifa wa kan sandar golf, wasan nan da gidajen rediyo ke ce wa ƙwallon lambu, kuma wai sama da dala 100 ya saye ta a waje. Na karɓa na juya ta ciki da bai, na bi ɗinkin da yatsa. Wallahi ban ga abin da ya fi ƙarfina ba. Na ce Alhaji ba ni sati guda.

Na yi masa uku da jar fatar akuya mai laushi, na zauna na fitar da dagin Arewa a goshin kowacce. Ni kaina da na jera su a kan tebur sai da na tsaya ina kallo. Bayan sati biyu sai ga shi da su a leda. Babbar ta matse, sai an yi kokawa take shiga. Ta biyun kuma rinin ya zuba, kuma aka yi rashin sa'a kan sandar tasa fari ne, ya koma kamar an shafa masa lalle. Dariya kawai ya yi, ko kuɗinsa bai nema ba, amma ni na kwana biyu kunyar ba ta sake ni ba.

To tambayata ga waɗanda suka san harkar: me ya sa mutum zai ba da kuɗin buhun shinkafa a kan hular sanda? Kuma in na gyara aikin, akwai masu saye, ko in tsaya a kan takalmana?

TsohonKadi

Wa alaikumus salam Malam Baduku. Na ɗauki jakar 'yan golf shekara 18 a Kaduna kafin gwiwa ta ce ya isa, don haka bari in ba ka labari daga wajen wanda ke cire hular nan yana mayarwa, don mai sandar sau da yawa miƙo hannu kawai yake yi.

Doka ta ce sanda 14 ce iyakar abin da ɗan wasa zai ɗauka a jaka. Amma ba duka ake sa wa hula ba. Ayon, wato masu kan ƙarfe siriri, yawanci haka ake barin su tsirara, har ma akan yi wa mai rufe su dariya a ce sabon shiga ne. Masu hula su ne direba (babbar nan da ta ba ka wahala, ba direban mota ba), sai ƙannenta wud lamba 3 da lamba 5, sai haibirid da ke tsakanin wud da ayon, sai fota da ake gangara ƙwallo cikin rami da ita. Waɗannan kansu fenti gare shi, kuma sandar jikinsu ba ta son karo. In kana tafe da jaka a kafaɗa, ƙarafan nan sai ƙwal-ƙwal suke yi suna dukan juna. Amfanin hular ke nan tun asali, ado daga baya ya zo.

Rami 18 ake zagayawa. Direba za a zaro ta sau goma sha wani abu, fota kuwa kowane rami. Kuma da hannu ɗaya ake cire hular, ɗayan yana riƙe da jaka ko tawul. In sai an sa hannu biyu ana ja, to ranar farko za a jefa ta a but ɗin mota. In kuma ta yi sako-sako ta faɗi a ciyawa, kadi, wato mai ɗaukar jakar, shi ne zai sha faɗa, wani lokacin har a zabge masa sallama. Na taɓa komawa rami huɗu baya da rana tsaka neman wata hula mai siffar kare ta wani mutum. Ban manta ba.

Maganar rini kuwa, da asuba ake fara wasa, ciyawa jiƙe da raɓa, ana yar da hular a ƙasa a buga a ɗauka. Da damina kuma ruwa kan kama mutum a tsakiyar fili. Duk abin da ba ya jure jiƙa bai dace da wurin ba.

Kada ka ƙara yanka fata sai ka riƙe sandar a hannunka. Ka je filin golf na nan Kano, ka nemi kadi ɗaya ka saya masa shayi, zai nuna maka kowace iri. Kuma ka ɗinka lamba a saman kowace hula, 1, 3, 5, don a gane sandar ba sai an buɗe ba.

Ɗan Katsina a Texas

Baba TsohonKadi ya gama magana a kan aiki. Ni bari in amsa ɗaya tambayar, ta dalilin tsadar.

Duk sabuwar direba da hularta take zuwa daga kamfani, kyauta, da sunan kamfanin ɓaro-ɓaro. Ka ga ke nan wanda ya je ya sayi wata, ba rashin hula ne ya kai shi ba. So yake in an hango jakarsa daga nesa a san tasa ce. Kusan kowa sandunansa iri ɗaya ne da na abokinsa, hular ce kaɗai wurin da mutum zai nuna garinsu ko abin da yake so. Kamar hular kai ce a wurinmu: kowa da farar shadda, amma zanna bukar ɗin wani ta fi ta wani.

Wadda ta fi kowacce suna ita ce ta shahararren ɗan wasan golf Tiger Woods, hula mai siffar damisa, har suna gare ta, Frank. Wani ƙaramin kamfani ne a Arizona ta Amurka, Daphne's Headcovers, yake yin ta, kuma mahaifiyarsa Kultida, wadda ta rasu a 2025, takan sa rubutu a jiki da harshensu na Tailan, ma'anarsa ƙauna daga uwa. Damisar nan ta ɗaga kamfanin ba kaɗan ba. A Oregon akwai Seamus Golf, miji da mata ne suka fara a 2011 da yadin ulu mai gidan dara irin na mutanen Sikotilan. A Halifax ta Kanada akwai Dormie Workshop, su fata suke yi kamar kai. Duk cikinsu ba wanda ya fara da babbar masana'anta.

Sai kuma masu tarawa, waɗanda su abin ya zame musu kamar masu tara tsofaffin kuɗi. Scotty Cameron, mai ƙera fota, yakan fitar da huluna 'yan kaɗan, in sun ƙare sun ƙare. Mutane na dakon ranar a intanet, cikin ɗan lokaci a wawashe, daga baya ka gan su a kasuwar intanet ta eBay da ninkin kuɗin. Akwai wanda muke wasa tare, ɗaki guda ya jera su a kan kantoci, yawancinsu ba su taɓa ganin ciyawa ba. Ni dai abin ya fi ƙarfin tunanina, amma kuɗinsa ne.

Awo kuma a rubuce yake: girman kan direba ba ya wuce cc 460, faɗinsa daga dunduniya zuwa baki ba ya wuce inci 5. Yawancin na yanzu a bakin iyakar suke, don haka in ka yanka a kan babba ka huta. Fota iri biyu ce, siririya da mai faffaɗan kai, kowacce da nata yankan.

Gargaɗi ɗaya: ko an roƙe ka, kada ka ɗinka tambarin wani kamfani ko na Masters, babbar gasar golf ta Amurka. Suna tsare tambarinsu sosai, kuma ba ka ma buƙata. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka riƙa kaiwa Turai ta Sahara har ake ce mata fatar Maroko, wannan labarin kaɗai ya ishe ka talla a nan.

Sani_Kwari

Ni fa ban ga abin wahala ba. Mutum nawa ne ke buga golf a Kano gaba ɗaya? Takalmi kowa na sawa. Kada ɗan'uwa ya bar tsuntsun hannu.

Maman Ilham

Malam Sani ba cewa aka yi ya rufe shago ba ai.

Malam Baduku, ni jakunkunan mata nake sayarwa ta Instagram shekara shida, kuma zubar rinin nan ta taɓa jawo min asarar da har yau ba na son tunawa, farar abayar wata amarya rinin ya ɓata. Tun daga ranar, duk fatar da zan saya sai na jiƙa farin ƙyalle na goga da ƙarfi a gaban mai ita. In ya ɗauki launi ko kaɗan, na bar masa kayarsa. Jimar bagaruwa tana da kyau, jan karan dafi ma ba wanda ya kai shi kyau a ido, amma dole a gama shi da abin da zai kulle launin, sannan ka yi wa hular shafi daga ciki da yadi mai laushi irin na bargon jarirai. Fata kada ta taɓa sandar sam. Sai wari. Mu hancinmu ya saba, amma wanda zai ajiye jaka a mota cikin rana zai ji. Ka shanya ta a inuwa ta sha iska sosai kafin ka yanka.

Inda na ɗan saba da yayanmu na Texas shi ne maganar waje. Kuɗin aika hula ɗaya zuwa Amurka zai iya cinye ribar, ga wahalar karɓar kuɗi, ga wanda zai ce bai yi masa ba a dawo da shi. Ka fara da gida. Akwai fili a Kano, akwai Kaduna, akwai Rayfield a Jos da ake wasa tun 1913, akwai IBB a Abuja, akwai Ikoyi a Legas. Ana shirya gasa, bankuna da kamfanoni na ɗaukar nauyi, kuma ana raba wa 'yan wasa tsaraba. In kyaftin ɗin kulob ɗaya ya ce ka yi musu hamsin, ya fi maka mutum hamsin daga ƙasa hamsin.

Kuma don Allah kada ka tsaya kan dagi kaɗai, kowa dagi yake sawa yanzu har a murfin waya. Ga aska takwas ta babbar riga, ga shuɗin Ƙofar Mata, ga adon dokin hawan Sallah. Ka yi goma kacal na kowane zane, ka rubuta lambar a ciki, 3 cikin 10, ka ga masu tarawar da ake faɗa ko akwai su a nan.

Alhajin nan kuma ka sake masa uku kyauta. Shi ne allon tallarka.

Baduku_Wambai

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba TsohonKadi, jiya na je filin kamar yadda ka ce. Wani yaro ya fito min da direba na auna da zare, ashe tawa ta gaza da kusan yatsa biyu a wuya. Ya kuma nuna min ta fota, na ga maganaɗisu ne a bakinta yake kama kansa, ba maɓalli ba.

Hajiya, na gwada farin ƙyallen a kan ragowar fatar. Ya fito ja wur.

Saura maganaɗisun. A Kano wa ke sayar da ƙananan nan masu faɗin kwabo, ko sai na aika Legas?