Kafso shida a rana, anya bai yi wa Yaya yawa ba?

Assalamu alaikum. Admin, a ɓoye sunana. Daga Kumo muka kawo yayana asibiti a Gombe, ciwon kai ya hana shi barci har yana sambatu. Da aka ɗibi ruwan bayansa, aka ce sanƙarau ne na ƙwayar fangas, mai kama wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. An saka masa amphotericin ta ƙarin ruwa sau ɗaya, aka rubuta flucytosine da fluconazole miligiram 1200 kullum, wato kafso shida. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce shi fluconazole miligiram 150 yake bai wa mata, ƙwaya ɗaya tak, wai wannan zai lalata hanta. Yanzu Inna ta dage a mayar biyu. Ya zan yi?

Mai harhaɗa magani, Jekadafari: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ku rage ko ɗaya. Abin da mai kemis ya sani na ƙaiƙayin gaba ne, wannan kuwa sai maganin ya isa ƙwaƙwalwa. An gwada tsarin kan mutum sama da 800 a Botswana, Malawi, Uganda, Zimbabwe da Afirka ta Kudu: amphotericin mai ƙarfi sau ɗaya, maimakon kwana bakwai ana ɗurawa. Cikin mako goma kusan kashi 25 cikin ɗari suka rasu, a tsohon tsarin kusan 29, kuma ƙarancin jini da matsalar ƙoda sun ragu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Cutar tana kisa ko da magani, ina ga an rage? Bayan mako biyu likita da kansa zai sauko da fluconazole ɗin zuwa miligiram 800.

Maman Hanif: Allah ya ba shi lafiya. Ku haɗa da zuma da habbatus sauda.

Nas, Pantami: Maman Hanif, zuma ba laifi, amma ban da jiƙe-jiƙe, hantar tana da aiki a gabanta. 'Yar'uwa, tsoron Inna ba a banza yake ba, shi ya sa ake gwajin jini a kai a kai. In idonsa ya yi rawaya, ko fitsari ya ragu, ko amai ya ƙi tsayawa, ku faɗa nan take. In suka ce za a sake ɗibar ruwan baya, ku yarda, shi ke sauke ciwon kan. Yana shan maganin tarin fuka? A sanar da likita.

Mai tambaya: Ba ya sha. Na gode, gobe da Inna zan shiga wurin likitan, ta ji daga bakinsa.