Hadari ya ɓata mana daren kallon taurari, mi za ni yi?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu tara ne a ƙungiyarmu ta masu kallon sama a nan Maradi, ni na tara su, tun lokacin da nike karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nike da wannan sha'awa, har mahaifina ya taɓa cewa na bar abin da zai ba ni abinci ina ƙirgar taurari. To daren 12 ga Agusta, lokacin zubar taurarin Perseid, munka fita hanyar Jiratawa bayan Isha, kowa ya ba da jikka biyu kuɗin mota da shayi. Sama garau. Mun ga guda bakwai sun gifta, sai hadari ya taso daga gabas, iska da ƙura tukuna, sannan ruwa. Ƙasa ta shiga madubin hangen nesa, kuma ba nawa ba ne. Yanzu mutum uku na son kuɗinsu. In mayar? In sake sa wata rana?

Malamin lakkwal: Ƙanena, wa ya ce maka a Agusta ake wannan? Tsakiyar damina! Littattafan da kuke karantawa na mutanen Faransa ne, su lokacin zafinsu ke nan. Mu namu ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Kuma madubin mi ya kai shi? Tauraro mai faɗuwa da ido ake ganinsa, kwance bisa tabarma, bayan tsakar dare ya fi yawa. Kada ka goge gilashin da riga, za ka karce shi. Busa ƙurar.

Mai tambaya: Malam, na duba hasashen yanayi a waya, ya ce babu ruwa. Madubin kuma yara sunka roƙa.

Maman 'yan biyu: Ku dai kun ji daɗi. Ɗana ya nuna wa maƙwabta taurarin Kaza da 'Ya'yanta daga bisa soro, washegari anka ce duba yake koyo. Har yau maƙwabciyar ba ta gaishe ni.

Ɗan Bagalam: Ni dai 13 da 14 ga Disamba na sani, zubar taurarin Geminid, sun fi na Agusta yawa kuma da wuri suke farawa. Ka mayar musu da kuɗi, zumunci ya fi jikka shida.

Malamin lakkwal: Disamba? A cikin buji? Ko Zara da kyar za ka gani. Kuma kada ya mayar da ko dala, ai sun sha shayin. A zaɓi ƙarshen wata dai, lokacin duhu.

Wani daga Tibiri: Kun sanar da mai gari kafin ku zauna cikin gonar mutane da dare? A wannan zamani?

Mai tambaya: Gonar kawuna ce, Yaya. Ba wanda ya ce komai kan mai madubin, shi ban faɗa mashi ba tukuna.